Ɗan Fatoma a Ɗakin Ƙwari

Duk wanda ya ci kasuwar Gwandu a shekarun baya ya san zauren Malam Adamu Fatoma. Fatoma dai shi ne mai saukar da fatake: ya ba su makwanci, ya ciyar da su, ya tsare musu kaya, ya haɗa su da masu saye. A ɗakin da ke bayan wannan zaure aka haifi Atiku, amma wayo kam a cikin zauren ya yi shi, tsakanin buhunan albasa da fasassun ƙafafun mutanen Kamba da Illo da Gaya.

Ba abin da ya fi yawa a zauren nan irin ƙusa. An bubbuga su a bango tun daga bakin ƙofa har ƙurya, kuma su ne ma'aunin Malam Adamu. Bai taɓa tambayar baƙo ko ya ji daɗin masauki ba, don ya san amsar. Mutumin ƙasar nan ko kan ƙaya ka kwantar da shi, in ka gaishe shi da safe alhamdu lillahi zai ce maka, sannan ya je gaba ya ba da labarinka. Saboda haka tsohon bango yake duba. In baƙo ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya miƙe ƙafa da 'yar shara yana sosa ciki, to ya saki jiki, gida ya karɓe shi. In kuwa hantsi ya yi yana nan da riga a wuya, takalmi kusa da hannu, to akwai magana, kuma Malam Adamu ba zai sa loma a baki ba sai ya gano ta.

Da wannan aka raini Atiku. Tun bai kai tsawon tsintsiya ba ya san ba a barin baƙo cikin duhu, ba a barinsa shi kaɗai yana tunani, kuma in akushi ya dawo da saura, laifin masu gida ne. Ya san shara da safe, shara da la'asar. Ya san yadda ake jan mutum da hira ko da barci yake ji. Allo ya yi, boko ya taɓa, amma wannan karatun ne kaɗai ya zauna masa a ka, kuma har gobe bai yarda akwai wanda ya fi shi ba.

Sai dai ya gaji sana'ar a daidai lokacin da take shan kashi. Motoci suka kwantar da ita, wayar hannu ta zo ta ƙarasa ta. Ɗan kasuwa zai taso da asuba a bas, ya gama ciniki ta waya tun yana hanya, kafin magariba yana gidansa. Wa zai kwana a zauren wani? Bayan rasuwar Malam Adamu ƙusoshin suka yi tsatsa, Atiku na zaune ƙarƙashinsu yana yi wa duk mai wucewa tayin ruwa.

Ya gwada kabu-kabu, bai yi nisa ba. Matsalar ita ce duk wanda ya hau bayan babur ɗinsa ya zama baƙonsa. Ya taɓa ɗauko wani dattijo daga Dodoru zai kai shi asibiti dubiya, a hanya ya tambaye shi ko ya karya, dattijo ya ce tukuna. Sai ga su a gida, an dama fura, an shimfiɗa tabarma, bawan Allah ya sha ya miƙe har aka rufe ƙofar asibiti. Matar Atiku, Hadijatu, 'yar masuntan Diggi, mace ce mai haƙuri, amma ban da bakinta. Ita ta ce ya sayar da babur ɗin tun kafin fasinjoji su fara zuwa da iyalansu.

Ana nan sai Alhaji Shamsuddeen ya aiko kiransa daga Kalgo. Mahaifin Alhajin ya yi shekaru yana sauka a zauren Fatoma, Alhajin kansa ya sha kwana a can yana ƙarami. Yanzu ya yi arziki, ya buɗe lambun shaƙatawa a bayan gari, da lilo, da jimina, da kunkuru, da wani kada da ba ya komai sai barci, da biri mara kunya. Ya je wata ƙasa ya ga gidan namun daji inda har ƙwari ke da nasu ɗaki, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Aka gina, aka jera akwatunan gilashi, aka zuba ƙwari, amma a cikin ma'aikata ba wanda ya yarda ya riƙe makullin. Sun ce su da kada sun fi fahimtar juna.

"Malam Atiku, baƙi gare ni, ba ni da mai sauke su," in ji Alhaji.

"Daga ina sunka taho?"

"Mafi yawansu daga ƙarƙashin duwatsu."

Atiku bai yi dariya ba. Ya ce a nuna masa ɗakin. Cikin makon suka kwaso kaya suka dawo Kalgo, Hadijatu na murna ta matso kusa da danginta.

Baƙin kuwa ga su nan: baƙaƙen kunamu, manyan dodon koɗi da aka kawo daga kudu, ƙadandoniya masu kaurin yatsa, fara, buzuzu. Sai kuma ƙaguwa guda da yayan Hadijatu ya kamo a fadamar Diggi. Ita Atiku ya sa wa suna Ta-Diggi, kuma da yake daga garin surukansa ta fito, ya ɗauke ta a matsayin suruka. Ba ya shiga gabanta da takalmi.

Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne halin da ya tarar da su. Wanda ya kawo su ya cika akwatunan da laka, da ruɓaɓɓen ganye, da tsingaro, da ɓawon itace. Atiku ya tsaya yana girgiza kai. Wane ɗan mutunci ne zai sauki baƙo a juji? Ya kwashe komai tas, ya wanke gilashi har yana ɗaukar ido, ya zuba farin yashi, ya sami 'yar tsintsiyar laushi yana sharewa safe da yamma. Ya sa aka ja masa wutar sola, ƙwan lantarki na ci dare da rana. Ya kawo rediyo, ya ajiye kusa da kunamu don su ma su san abin da duniya ke ciki. Latas ɗin dodon koɗi kuwa sai ya barbaɗa masa ƙuli da ɗan gishiri, don a gidan Fatoma ba a taɓa kai wa baƙo lami ba. Allah ya taimaki dodon koɗin, suka ƙi kusantarsa.

Asarar farko ta zo ne ta hanyar kirki. Ya lura da yamma sauro na shiga ɗakin, hankalinsa ya tashi, ya sayo maganin sauro na hayaƙi ya kunna musu, ya rufe taga don ya kama sosai. Ya kama kuwa. Da safe ya tarar da fara duka sun yi rigingine. Ranar ya gane cewa baƙinsa da sauro dangin juna ne, kuma ranar bai ci abinci ba.

Sauran da suka rayu, shi a ganinsa, lafiya lau suke. Kunamu na yini suna kai da komo a jikin gilashi, ya ce hirar rediyo ce ke musu daɗi. Ƙadandoniya sun nannaɗe ba sa motsi, ya ce ƙoshi ne. Dodon koɗi sun shige ɓawo sun liƙe ƙofa, ya ce kunyar baƙunta ce, za su ware. Ta-Diggi kuwa da zarar ya leƙo sai ta miƙe ta ɗaga hannayenta biyu sama. Atiku ya ce jinjina take masa. Sai shi ma ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya rusuna, ya ce mata an gaishe ki. Haka suke yi kullum, ita tana ɗagawa yana ɗagawa, har wata rana ƙafarta ɗaya ta ɓalle ta faɗi a yashi, ya ce sanyin tsufa ne.

Duk da haka akwai abin da ke cinsa a rai. Wata rana ya faɗa wa Hadijatu suna cin tuwon shinkafa.

"Dije, baƙin ga ba su da riga. Da mi zan auna? Na dubi bango, babu abin dubawa."

"To ka ɗinka musu, Malam. Tela na nan bakin tasha."

Sai Alhaji ya so shiga ƙungiyar masu gidajen namun daji, su kuwa ba sa karɓar kowa sai sun turo wanda zai duba jin daɗin duk mai rai da ke wurin, daga kada har buzuzu. Wadda aka turo likitar dabbobi ce, Dokta Rifkatu, 'yar ƙasar Zuru, gajeruwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta gama da jimina, ta gama da biri bayan ya sace mata biro, sannan ta shigo ɗakin ƙwari. Atiku ya yi shara ta musamman, ya ƙara ƙwan lantarki ɗaya, ya sa wankakkiyar riga.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ja kujera, ta zauna gaban akwatunan, ta yi shiru. Shirun nan ya fi komai azabtar da shi. Ya kawo mata zoɓo. Ya kawo mata goro. Ya tambayi mutanen Zuru ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai sani ba. Ita dai kallo take, ta matsa nan, ta duƙa can, ta shafa yashi ta ji bushewarsa. Can ta ce ya taimaka ya kashe rediyon.

"Baba, yaya kake gane suna jin daɗi?"

Atiku ya gyara tsayuwa. "Ɗiyata, tsaya ki gani." Ya matsa gaban Ta-Diggi, ta miƙe ta ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Ya juyo yana murmushi. "Kin gani? Kullum haka muke."

Dokta Rifkatu ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

"Baba, ba gaisuwa take ba. Cewa take in ka ƙara matsowa za ta cije ka. Tsoronka take ji."

"Tsorona? Ni?"

"Kai. Ƙafar nan ma ba tsufa ba ne, firgita ce ta sa ta yar da ita. Kunamun nan mafita suke nema. Waɗancan da suka liƙe ƙofa, bushewa ce ta ishe su, sun rufe kansu suna jiran ruwa. Ka ga, Baba, akuya in ba ta da lafiya za ta yi kuka, kare zai sauke wutsiya. Waɗannan ba kuka, ba fuska. Sai dai ka dubi ko suna ci, da yadda suke tafiya, da inda suke kwanciya in an ba su zaɓi. Kai kuwa ba ka bar musu zaɓi ba. Ko'ina haske, ko'ina yashi, ko'ina kai."

Ban da kalmar ƙarshen nan da Atiku ya shanye sauran. Ko'ina kai. A gidan Fatoma wannan yabo ne, yau ga shi an miƙo masa shi a matsayin laifi.

Ta faɗa masa abin da zai yi, gaban Alhaji. A mayar da laka, da ganye, da tsingaro. Kowane akwati a raba shi, gefe duhu gefe haske, gefe danshi gefe bushe. A kashe ƙwai, a fitar da rediyo, a bar shara, a bar ƙuli. A ajiye abinci a tafi. Kada a taɓa su, kada a ɗaga musu tsingaro don a gaisa. Ta ce za ta dawo in damina ta ja baya, ta ga abin da suka zaɓa.

Alhaji Shamsuddeen mutum ne mai son a gama magana. Ya ce, "Malam Atiku, ka ji dai. In Dokta ta dawo ta ce har yanzu a takure suke, sai a mai da su daji, ɗakin in sa injin gugguru. Kai kuma in ba ka gadin ƙofa, ba za ka rasa wurin zama ba."

Ba wurin zama ne ya dami Atiku ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce a Gwandu, ɗan Malam Adamu Fatoma an ba shi baƙi, har da ta garin surukansa, an zo an kwashe su don bai iya sauke su ba. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma yanzu ana shakkar ko ya iya shi.

Ya bi umarni, yana yi yana ƙunƙuni. Ya je fadama ya ɗebo laka da hannunsa. Ya fasa tsohon tulun Hadijatu ya kwashi tsingaron, abin da har yau ba ta yafe ba. Ya jera komai, ya koma gefe ya zuba ido, a ransa yana fatan ko guda ɗaya ta zaɓi haske, ya samu abin nuna wa likita. Kafin ya gama wanke hannu ɗakin ya zama kamar ba kowa. Kunamu sun shige ƙarƙashin ɓawo, ƙadandoniya sun nutse cikin ganye, buzuzu ya yi rami. Ta-Diggi ta tsaya ta dube shi, ba ta ɗaga hannu ba, ta ja jiki a karkace ta shige ƙarƙashin tsingaro, ba ko waiwaye. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai.

Daga nan ya fitar da bencinsa waje, ya zauna bakin ƙofa da rediyonsa a cinya, murya can ƙasa. Hannunsa na ƙaiƙayin tsintsiya. Wani lokaci sai ya tashi ya share gaban kejin jimina, wanda ba aikinsa ba ne, don dai ya rage zafi. Masu zuwa kallo suka fara ƙorafi, sun shigo ganin ƙwari an nuna musu laka. Atiku ya ce musu baƙi na hutawa, mai haƙuri ya tsaya zai ga ƙafa ko gashin baki, mai gaggawa ga biri can.

"Dije," ya ce wata rana, "wagga wace irin sauka ta? Ka aje ma mutum abinci ka gudu, awa mai cutar da aka tsoro. Da Baba na raye da ya kore ni gida."

"Malam, in gaya maka gaskiya? Baƙin Baba ma da sun samu tsingaro da wasu sun shige. Ka tuna mutumin Illo da kah hana ma kwana da labarin rijiyar kakanka?"

"Ai ya ji daɗi. Shi yac ce."

"Shi yac ce," in ji Hadijatu, ta ci gaba da tankaɗe.

Abin haushi, maganar likita ta fara fitowa. Dodon koɗi suka buɗe ƙofa, suka fito da ƙahonninsu suna cin latas lami har da kara. Ƙadandoniya suka warware. Abincin da ya ajiye wa kunamu da yamma, da safe babu shi. Atiku ya ga duk wannan, ya yi hamdala, amma bai ji daɗi har zuci ba, don a ganinsa an nuna masa cewa rashinsa ne maganinsu.

Sai Ta-Diggi ta daina ci. Ya ajiye mata guntun kifi, ya wayi gari yana nan. Ya sauya mata da tana, ita ma haka. Ya kawo kifin fadamar Diggi takanas, ko ƙamshin gida zai fito da ita, shiru. Sau da yawa hannunsa ya kai kan tsingaron, ya tuna an hana, ya janye. Ya tsuguna bakin akwatin ya yi mata sannu a hankali, ya tambaye ta jiki. Bai taɓa jin wahala irin ta kwanakin nan ba, ga mara lafiya a ɗakinsa, an ɗaure masa hannu.

Ran nan da safe ya buɗe ƙofa ya same ta a waje, kwance bakin ruwa, ta yi fari-fari, ba motsi. Ya kira sunanta. Ya taɓa ta da tsinke. Ya ɗauke ta ya ɗora a tafin hannu, ya ji ba nauyi ko kaɗan, ya ce yunwa ta cinye ta. Hawaye suka zubo masa, shi da bai yi kuka ba ranar da aka sayar da babur. Baƙuwa ta mutu a gidansa, cikin duhu, ita kaɗai, yana zaune bakin ƙofa yana jin labaran duniya.

Ya yagi farin ƙyalle ya naɗe ta. Da ya ji tana ɗan ƙarni ya ɗiga mata turarensa na Juma'a, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ya sa ta cikin gwangwanin madara ya ɓoye bayan ƙofa. Binnewa ya so yi, amma ya ce sai likita ta zo ta ga aikinta da idonta. Hadijatu kuwa bai faɗa mata ba. Da wane baki zai ce mata 'yar garinsu ta rasu a hannunsa? Akwatin ma ya kasa kwashewa, ya bar shi yadda yake, ya dai daina ajiye kifi.

Ba a jima ba Dokta Rifkatu ta dawo. Alhaji ya rako ta, har ya riga ya yi wa mai injin gugguru magana ya zauna cikin shiri. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana duƙawa, tana gyaɗa kai. Ta ga sawun ƙadandoniya a laka, ta ga ramin buzuzu, ta ga dodon koɗi ɗaya har ya binne ƙwai. Ta ce, "Baba, sannu da aiki." Da ta iso akwatin ƙarshe sai Atiku ya sha gabanta, ya ɗauko gwangwani, ya ajiye a kan kujera.

"Likita, ga ta nan. Ke kic ce in ƙyale ta, na ƙyale ta. Kic ce kar in leƙa, ban leƙa ba. Ta bar ci, ina ji ina gani, ban ɗaga tsingaro ba. To ga abin da ƙyaliya ta haifa. Alhaji, kawo injinka. Ni ban iya wagga sauka ba, kuma ba ni son in iya."

Dokta Rifkatu ta warware ƙyallen. Turare ya buge ta, ta yi atishawa har tabarau ya zame. Ta ɗauki gawar da yatsu biyu, ta juya ta, ta ɗaga ta saitin taga. Haske ya ratsa ta. Ta sa farce ta bayanta, sai bayan ya buɗe kamar murfin gwangwani, ciki wayam. Ta cije leɓe tana danne dariya.

"Baba, zo nan. Kar ka taɓa komai. Duƙa kawai, ka bi hasken wayata."

Ta haska bakin tsingaron daga nesa. Atiku ya duƙa, gwiwoyinsa na ƙara. Can ciki ga idanu biyu a tsaye kan tsinkayensu suna kallonsa. Ga Ta-Diggi, sabuwa fil, jikinta na sheƙi, ta fi da girma. A inda ƙafarta ta ɓalle wata 'yar siririya ta tsiro.

Ya dubi ta cikin akwati, ya dubi ta hannun likita. "To wagga fa, wace ta?"

"Rigarta ce, Baba. Tuɓewa ta yi."

"Mi kic ce?"

"Riga. In ƙaguwa ta girma ɓawonta ya matse ta, sai ta bar ci, ta nemi wuri, ta fasa shi ta baya ta zare jikinta. Lokacin nan jikinta laushi ne kamar tuwo, ko kaza ta isa ta kashe ta. Shi ya sa in ba ta da maɓoya, ko ana yawan damunta, sai ta yi ta riƙewa, wata ma a cikin rigar take mutuwa. Taka ta tuɓe lafiya, har da sabuwar ƙafa. A ɗakin nan duka ba alamar da ta kai wannan."

Atiku ya lalubi kujera ya zauna, kan ƙyallen, bai ma lura ba.

"Ta tuɓe riga," ya ce. "Nan. Ɗakina."

"Nan kuwa."

Dokta Rifkatu ba ta san komai game da zauren Gwandu ba, don haka ta tsaya tana mamakin abin da ya sa dattijo ya rufe fuska da hula. Alhaji Shamsuddeen ya sani. Ya tuna rigar mahaifinsa rataye a ƙusa ta kusa da ƙofa, shi kuma yana kwance ƙarƙashinta. Ya yi gyaran murya, ya fita waje, aka ji shi yana ce wa mai gugguru ta waya ya nemi wani wuri.

"Ka'ida dai, Baba," in ji likita da ta ga ya ɗan dawo, "a kan bar mata rigar a ciki. Cinye ta take yi, tana ƙara mata ƙwari."

"Ta ci rigarta?"

"Ƙwarai. Amma wannan kam, da turaren da ta sha, ko kada ba zai ci ba. Riƙe abarka."

Da ya ba Hadijatu labari da yamma, ta ajiye muciya ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta ce a Diggi ko wanda ba a yaye ba ya san ƙaguwa na sauya ɓawo, bakin fadama cike yake da su. Da ya buɗe baki ya tambaye ta, da bai yi asarar turarensa ba. Atiku ya ce ai kunya ce ta hana shi, mutuwar suruka ba abin faɗa ba ne kai tsaye. Ta ce to Allah shi ƙara wa surukar lafiya, shi kuma ya biya ta tulunta.

Ranar kasuwar Gwandu ya shiga bas ya tafi gida. Ya buɗe tsohon zauren, ya zaɓi ƙusa ɗaya, ya girgiza ta har ta fito da tsatsarta. Ya dawo da ita Kalgo a aljihu. Da fari cikin ɗakin ya so buga ta, har ya ɗaga guduma, sai ya tuna ƙara. Ya fito ya kafa ta a bangon waje, saman bencinsa, ya ɗaura wa ɓawon zare ya rataye.

A can za ka same shi yanzu in ka je lambun, zaune ƙarƙashin rigar Ta-Diggi, tsintsiya jingine nesa da shi don gudun fitina. Zai yi maka tayin ruwa, zai tambayi mutanen garinku har da waɗanda bai sani ba, kuma in ka yi sake sai ka ji labarin rijiyar kakansa. Amma in za ka shiga ɗakin zai ce ka rage murya. Da yamma shi ke shiga na ƙarshe, ya ajiye guntun kifi bakin tsingaro. Har yanzu hannunsa kan tashi da kansa zai yi jinjina. Sai ya kamo shi da ɗayan, ya sa a aljihu, ya ja ƙofar a hankali.